Mabiyiya Ɗaya, Ni Kuma Na Haƙa Rami Biyu

Zuwa ga ɗana Salisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ku kun sauka lafiya a gidan Kawunka Bala a birni, kai da Nafisa da abin da take ɗauke da shi. Allah Ya tsare ku a hanya, Ya tsare ku a masauki, Ya sa mutanen gidan su ji daɗin zama da ku.

Na naɗe takardar a leda na cusa ta cikin buhun geron da za ku tafi da shi, don na san ba za ka kai gare ta ba sai kun zauna. Da gangan na yi. Maganar da ke ciki ba irin wadda uba yake yi da ɗansa ido da ido ba ce. Sau biyu na kira ka zaure da niyyar yi, sau biyun na ɓige da tambayarka lafiyar babur.

Ranar da kuka dawo daga asibiti ka ce mini likita ya ce tagwaye ne, mabiyiyarsu ɗaya, kuma yana so ku koma kusa da babban asibiti har ta haihu, na ga kana kallon fuskata kana jiran in ce wani abu. Na ce "To, madalla," na shiga ban-ɗaki da buta. Ba alwala ce ta kai ni ba. Ɓuya na je yi. Shekara goma sha uku ke nan da aka faɗa mini wannan magana a kan ƙannenka Hassana da Husaina. Lokacin kana Minjibir wajen kakarka kana firamare, abin da ka sani kawai an ce an yi maka ƙanne biyu, ka zo suna ka ci nama. Abin da ubanka ya tafka kafin naman nan ba ka sani ba. Ga shi nan, ka karanta, ka yi dariyarka, amma kada ka maimaita.

Cikin Innarka yana wata uku nas ɗin awo ta ce ya fi watanninsa girma, a je a yi hoton ciki. Na raka ta. Likitar mace ce, 'yar siririya mai tabarau, da a hanya na gamu da ita sai in ce 'yar makaranta ce. Ta shafa wa Innarka wani mai, ta yi ta yawo da abin nan a kan cikin tana kallon talabijin ɗinta. Ni ban ga komai ba sai hayaƙi. Can ta ce, "Malam, biyu ne."

Na yi hamdala sau uku da ƙarfi har wata nas ta leƙo.

Ta ce, "Amma mabiyiyarsu ɗaya."

Na ce, "Ai haka ya fi, likita. Mu ma a gida kwano ɗaya muke zuba wa yara, an fi samun zumunci."

Ta cire tabarau ta dube ni, ta mayar. Daga nan ta shiga bayani. Ta ce tagwaye iri biyu ne. Akwai waɗanda kowa da tasa mabiyiyar, kowa yana jan abincinsa ta tasa hanyar, ba ruwan wani da wani. Akwai kuma masu tarayya a guda ɗaya, su jijiyoyin jininsu a haɗe suke a cikinta, jinin wannan yana iya wucewa wajen wancan. Ta ce sau da yawa ana rabuwa lafiya, amma wani lokaci rabon ba ya zuwa daidai, kuma abin yana iya juyewa cikin 'yan kwanaki. Saboda haka daga wata huɗu tana so ta riƙa ganinsu duk sati biyu.

Duk wannan da na rubuta maka, daga bakin Innarka na same shi daga baya. Ni a lokacin kaina yana ɗagawa yana sauka, bakina yana cewa "Na gane, likita," amma zuciyata tana kasuwar Ɗambatta tana taɓa bayan raguna. Ina tunanin ko in sayi farare biyu ne, ko fari da mai baƙin kai don kada a rikice ranar suna.

To ka ji na farko. Idan likita yana magana, ka ajiye raguna a waje. Abin da ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba, a maimaita maka, ko da sau huɗu ne. Ba wanda ya taɓa ragewa a tsawo don ya ce "a sake faɗa mini." Kai ka yi sakandare, ka fi ni hatsari, domin kana jin rabin Turancinsu, sai ka ɗauka ka ji duka.

Da yamma na kai labari majalisa. Ka san abokina Tanko mai faci. Duk ilimin Tanko na haihuwa a wajen awaki ya samo shi, amma ba a taɓa tayar da zancen ciki ya yi shiru ba. Ya ce, "Mabiyiya ɗaya? Ai ka huta. Akuyata ja sau biyar tana haifar biyu-biyu, ko sau ɗaya ba a yi mata hoto ba." Duk majalisa ta ce gaskiya ne. Ni ma na ce gaskiya ne. Ba wanda ya tambayi Tanko ko ya taɓa duba mabiyiyar akuyar.

Wata huɗu ya cika, muka koma, aka duba aka ce komai daidai. Aka rubuta mana rana a kati. Ranar ta faɗo daidai da ranar da na samu shanun huɗa bayan na yi sati ina bin mai su. Innarka ta fito da mayafinta da katinta da sassafe ta ce, "Malam, yau ce fa."

Na ce, "Hoton me kuma? Ba an ɗauka wancan satin ba? Ni hoton katin zaɓena shekara nawa yana aljihuna, wa ya ce in sake?"

Ta ce, "Likita ta ce abin yana canzawa."

Na ce, "In sun canza ma ai kama suke da juna, a duba tsohon hoton."

Na ji daɗin wannan magana tawa sosai, har na maimaita ta a majalisa aka tafa mini. Ranar ta wuce. Ta bayanta ma ta wuce, don lokacin ana noman fari. Ta bayan wannan kuwa ban ma nemi dalili ba, abin ya riga ya zama al'ada.

Salisu, ranar da aka rubuta muku a kati ba shawara ba ce. Ba fuskar yaran ake dubawa ba. Ana auna girman kowa ne, da ruwan da kowa yake ciki, da yadda jini yake tafiya. Shi ya sa na yarda ka bar gona a tsakiyar damina ba tare da na yi maka tsaki ko ɗaya ba, kai da ka san yadda nake da gona. Yayyenka za su yi maka noman maimai. In ba su yi da kyau ba, ciyawa ce kawai, baɗi ma za ta fito.

Da cikin ya shiga wata shida, cikin kwana goma ya tashi kamar ana hura shi. Fatar ta yi sheƙi. Innarka ba ta iya kwanciya, sai dai ta jingina da bango tana numfashi sama-sama. Ka san me ubanka ya yi? Alfahari. A lokacin ina kawo mata hanta duk ranar kasuwa, ga fura da nono ba fashi, ga zogale. Na ce aikina ne yake fitowa fili. Na kai rahoto majalisa, Tanko ya yi lissafi da yatsu, ya ce, "Uku ne. Injin bai ga na ukun ba, ya ɓuya a bayan 'yan'uwansa." Wallahi har na fara sa ido a kan rago na uku.

Wata safiya ina ɗaura fartanya a keke, sai ga Innarka a zaure da mayafi, tana dafe da bango. Ka san ta, ba ta ɗaga murya. Ta ce, "Malam, na haifi biyar, na san ciki. Wannan ba ƙiba ba ce. Kuma na ɓangaren hagu ya rage motsi. Ko ka raka ni, ko ka ba ni izini, ko in tafi in dawo in ba ka haƙuri. Zaɓi ɗaya."

Shekara ashirin muna tare ban taɓa jin ta jera mini abu uku in zaɓa ba. Na kwance fartanyar.

Likitar nan mai tabarau ta karɓi katin, ta dubi ranar ƙarshe da aka rubuta, ta dube ni ta saman gilashi. Ta ce, "Malam, ina kuka shiga?"

Na ce, "Huɗa."

Ta mayar da idonta kan katin. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ɗora abinta a kan cikin, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce abin da take gudu ya faru. Jini yana barin ɗaya yana tafiya wajen ɗaya. Wadda take karɓa ta girma, tana ta fitsari, ruwa ya cika ɗakinta, shi ne kumburin da nake yi wa kirari. Wadda take bayarwa kuma ta tsumbure, ruwanta ya kusa ƙafewa, an matse ta a gefe ko juyi ba ta iya yi. A nan ne ma na fara jin cewa mata ne. Ta rubuta takarda ta ce mu wuce babban asibiti a birni a ranar, kada mu koma gida ɗaukar ko tsinke.

To ka riƙe wannan. Mai ciki ta fi ka sanin jikinta, ko da kuwa cikin fari ne irin na Nafisa. In ta ce maka cikin ya tashi farat ɗaya, ko numfashi yana yi mata wuya, ko motsi ya ragu, ko ta ga ruwa ko jini, ba sai ranar kati ta zo ba. Ka tare adaidaita ku tafi. Kada ka tsaya tambayar masu shayin unguwa. Kowace unguwa da Tankonta, na birni ma sun fi namu iya magana.

A babban asibitin aka ce za a rage ruwan da allura don Innarka ta samu numfashi, cikin kuma ya ƙara kwana. Aka ce in jira a waje. Na ce a'a, ni namiji ne, na fede raguna ba adadi, zan tsaya in ƙarfafa mata gwiwa. Aka ƙyale ni. Na tsaya a kanta ina cewa, "Ki daure, ki yi ta salati, ba komai ba ne." Sai likitan ya zaro allurar daga takardarta. Ban san akwai allura mai wannan tsawon ba. Abin da na sani bayan nan, ina kwance a ƙasa, hulata tana ƙarƙashin gado, wata nas tana yi mini fifita da katin awo, ga muryar Innarka daga sama tana cewa, "Malam, ka daure, ka yi ta salati, ba komai ba ne."

A kan wannan ba ni da doguwar nasiha. In an ce ka jira a waje, ka jira a waje.

Daga nan aka hana mu komawa ƙauye. Muka tare a gidan Kawunka Bala, a ɗakin nan na kusa da rijiya, ina jin shi za a ba ku. Duk 'yan kwanaki muna asibiti. Sau biyu aka sake rage ruwan, ni ina waje a kan benci. To mutum irina ba ya iya zama bai yi komai ba. Na yi shekaru ina cikin masu raba rigimar iyakar gona a garinmu, sai na ga wannan ma ai rigimar iyaka ce. Na tambayi nas ɓangaren da ƙaramar take, ta ce hagu. Daga ranar, duk sanda Innarka ta ci abinci sai in sa ta kwanta ta hagu, don abincin ya gangara can. In ta sha fura in ce ta karkata. Ita kuwa don a zauna lafiya sai ta karkata.

Ban tsaya nan ba. Wata rana muna jiran layi a ɗakin hoto, ba kowa, na matsa kusa da cikin ta dama na yi gyaran murya. Na ce, "Ke ta dama, ki ji tsoron Allah. Abin nan na ku biyu ne. Tun ba ki fito ba kin fara cin iyaka? Ki ɗauki naki ki bar wa 'yar'uwarki nata, in ba haka ba ni da ke ne."

Ashe likitan yana tsaye a bakin ƙofa. Dattijo ne mai furfura a gemu. Bai yi dariya ba, ko da yake na ga gemun yana rawa. Ya zauna ya ce, "Malam, wa kake yi wa faɗa?"

Na ce, "Mai kwashewar."

Ya ce, "Ba ta kwasa ba, zuba mata ake yi. Ba ta roƙa ba, kuma ba ta da hanyar cewa ya isa. Ka taɓa ganin injin ban-ruwa da aka ɗora wa aikin da ya fi ƙarfinsa? Haka zuciyarta take yanzu. Ita ma tana cikin wahala kamar ƙaramar, ta wata fuskar ma ta fi ba ni tsoro." Ya ƙara da cewa Innarka ta ci abinci mai kyau don jikinta, amma kwanciya ta hagu bayan tuwo ba ta gyara jijiyar da ke cikin mabiyiya.

Na ce na gane. Wannan karon na gane rabi.

Cikin bai cika wata takwas ba likitan ya kira mu ya ce lokaci ya yi, gobe za a yi mata aiki a ciro su. Nan ne na yi kuskuren da ya fi kowanne girma. Na ce, "Likita, ni manomi ne. Gero ba a yankansa ɗanye. A bari ya cika tara." Ya ce zamansu a ciki yanzu ya fi fitowarsu haɗari. Aka miƙo mini takardar sa hannu, na ninke ta na sa a aljihu na ce zan yi shawara. Na fita bakin asibiti na buga wa Tanko waya. Ka ji wanda na nema. Tanko ya ce kada in kuskura, su likitoci wuƙarsu ƙaiƙayi take musu. Na zauna a gindin wata bishiya da takardar nan tun hantsi har aka kira azahar.

Da na koma na tarar Innarka ta riga ta dangwala nata yatsan. Likitan yana tsaye. Ya ce, "Malam, bari in faɗa maka abu ɗaya a fili. Da kowa da mabiyiyarta ne, in ɗaya ta samu matsala ɗayar tana iya zamanta. Waɗannan jininsu a haɗe yake. In ɗaya ta rasu a ciki, ɗayar tana iya binta, in ta tsira ma tana iya tsira da lahani a ƙwaƙwalwa. Ba tsakanin ɗanye da nunanne kake zaɓe ba."

Innarka ta ce, "Malam, ni za a yanka ba kai ba, kuma na yarda. Sa hannu."

Na sa. Sunana ya fito a karkace kamar na wani.

Ku ma za a gaya muku ba za a bari cikin ya kai ƙarshen wata tara ba, ko da komai yana tafiya daidai. Haka ake yi wa masu mabiyiya ɗaya. In an yanka muku rana, kada ka yi ciniki. Ba kasuwar Ɗambatta ba ce. Ka yi tambayoyinka duka, ka ji amsa, ka dubi matarka, ka sa hannu a tsaye. Rabin yinin da na ɓata a gindin bishiyar nan Allah ne Ya rufa mini asiri a kansa, ba dabarata ba.

Washegari da hantsi aka ciro su. Aka leƙa da ni na gan su kafin a sa su a kwalba. Hassana babba, ja wur kamar an tsoma ta a manja. Husaina kuwa fara fat, 'yar mitsitsiya, cinyarta ba ta fi babban yatsana ba. Na yi musu huɗuba. Ba zan ɓoye maka ba, na dubi Hassana na ce a raina wannan tawa ce, na dubi Husaina na ce wannan baƙuwa ce, Allah Ya sa mai ceto ce.

Kafin in ci gaba sai na koma baya kaɗan. Sati biyu kafin haihuwar na je gida duba gona, Gwaggo Asabe unguwarzoma ta ce tunda ƙarfinta ya ƙare, in haƙa mata wurin da za ta binne mabiyiya a bayan ɗaki. Na ɗauki diga. Na ce yara biyu, rami biyu. Na haƙa su masu zurfi, a jere, har na auna da igiya don kada wata ta ce an fifita wata.

To ranar haihuwar nas ta miƙo mini leda ɗaya. Na karɓa na tsaya. Ta ce, "Baba, lafiya?"

Na ce, "Saura ɗaya."

Ta ce, "Ɗaya me?"

Na ce, "'Yata, yara biyu aka ciro, leda ɗaya kika ba ni. Ni ba na son rigima, amma ba zan bar nan ba sai da kayana cif." Na ɗaga murya har mutane suka fara taruwa. Na ce mun sha jin abin da ake yi da irin waɗannan abubuwa a birni. Sai ga dattijon likita. Ya ji ƙarar, ya ja ni wani ɗaki, ya sa safar hannu, ya shimfiɗa abin a faranti. Ya ce, "Duba da idonka." Guda ɗaya ce, faffaɗa, da cibiya biyu. Ɗaya ta fito daga tsakiya, mai kauri. Ɗayar tana can bakin gefe, siririya, kamar wadda aka ba aron wuri. Tsakaninsu ga jijiyoyi sun ratsa daga nan zuwa can kamar hanyoyin ruwa a lambu. Ya bi ɗaya da yatsa ya ce, "Ta nan yake wucewa."

A nan na gane maganar da aka faɗa mini tun cikin yana wata uku. Mabiyiya ɗaya, ashe ɗaya ake nufi. Na koma na ba nas ɗin haƙuri, ta ce ba komai, ta saba, amma ni ne na farko da ya zo da ƙidaya.

Na kai wa Gwaggo Asabe ta binne a rami ɗaya. Ɗayan na manta ban cike ba. Washegari da safe na zagaya da buta na zurma ciki har gwiwa. Da ɗingishi na koma birni, a asibiti ana tambayata ko ni ma a ba ni gado.

Yanzu ka ji yadda lissafina ya kife. Husainar da na sallama, aka yi mata ƙarin jini, kwana kaɗan ta fara tsala kukan da ake ji daga baranda, ta kama nono kamar mai fushi da shi. Hassanar da na ce tawa ce, ita ce ta ƙi daɗi. Jininta ya yi kauri, zuciyarta ta gaji, shawara ta kama ta aka sa ta a ƙarƙashin fitila. Sai da ta fi 'yar'uwarta daɗewa a kwalba. Akwai yinin da likitan ya ce mini mu yi ta addu'a kawai, kuma ban taɓa jin ya faɗi haka ba. Na zauna a bencin nan na tuna cewa tun da aka fara wannan abu, duk addu'ata a kan ƙaramar take. Babbar faɗa kawai ta samu daga wajena.

Allah Ya tashe su duka. Husaina ta yi jinkirin tafiya, sai da ta kusa shekara biyu, har yau kuma ta fi 'yar'uwarta ƙanƙanta kaɗan, amma ka san bakinta. Saboda haka in an nuna maka naka, kada ka auna lafiya da girma. Ka tambayi halin kowa daban, ka yi wa kowa addu'a da sunansa.

Saura guda ɗaya, ita ce ba ta da daɗin faɗa. Bayan komai ya lafa, labarin ya zama abin hirata. Duk baƙon da ya zo sai in kira su in ce, "Ga mai kwashewa, ga wadda aka kwashe wa." A yi dariya. Kai ma ka sha yi. Na ɗauka wasa ne. Suna shekara bakwai Innarka ta lura Hassana tana ramewa. Ta sa ido, sai ta ga in an zuba musu tuwo, Hassana tana yin loma biyu ta tura sauran gaban 'yar'uwarta ta ce ta ƙoshi. Ta ja ta ɗaki ta tambaye ta. Yarinyar ta ce, "Baba ya ce na cinye nata a ciki. Mayar mata nake yi."

Innarka ta zo ta faɗa mini a zaure, ta koma. Na kira Hassana na zaunar da ita a kan buzuna. Na ce mata ƙarya na yi, ba ta ci na kowa ba, ita ma wahala ta sha, har ta fi. Na ce ta yafe mini. Ta dube ni ta ce, "To Baba, in ci nawa duka?" Na ce ta ci, in akwai ƙari ma ta nema. Tun ranar ban sake wannan wasa ba, kuma na hana a gidan. In ka tuna, ka taɓa tambayar dalili na ce maka ba ruwanka. Dalilin ke nan. Duk yadda naka suka fito, ko ɗaya ya fi ɗaya, kada ka laƙa wa wani laifin abin da aka yi masa tun bai san kansa ba. Yara suna jin wasanmu da kunnen gaske.

Ban rubuta wannan don in tsorata ka ba, kuma kada ka karanta wa Nafisa wuraren da ba na dariya ba. Kun ce a hoton da aka yi muku girmansu ɗaya, ruwansu daidai. Da yawa haka suke tafiya har a sauka lafiya. Ku an gano da wuri, kuna kusa da asibiti, kuma mijin ba ni ba ne. Ka ɗebo mata ruwa, ka riƙe mata jaka, kada ka bari ta ji kunyar matar Kawunka har ta zauna da yunwa. In tsoro ya kama ka, ka buga wa Innarka waya. Ni ma kana iya bugo mini, amma in ka ji na fara kawo misali da gero ka kashe.

Da na gama na karanta wa Innarka, tana tsince wake. Ba ta katse ni ba har ƙarshe. Na ce, "Akwai gyara?" Ta ce, "Ka rage uku, amma bar su, yaron yana bukatar ya ci gaba da ganin girmanka." Na tambaye ta waɗanne, ta ce in miƙo mata faifai.

Yanzu da kake karantawa ka riga ka san ban zo tasha na raka ku ba. Na san an ce maka na yi sammakon gona. Gaskiya ne. In lokacin da bas ɗinku ta wuce gonar bakin titi ka hangi wani mutum a duƙe yana noma wurin da aka riga aka nome, bai ɗago ba har kuka ɓace, to ni ne. Ban iya sallama a gaban mutane ba.

Allah Ya raba Nafisa da abin da ke cikinta lafiya. Ya daidaita musu rabonsu, Ya ba likitocinku basira da sauƙin hannu, Ya ba ka kunne da haƙuri. Allah Ya kare ku daga abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya dawo mana da ku huɗu a bas ɗaya. Allah Ya yi maka albarka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Malam Idi